Minti Uku da Daƙiƙa Arba'in

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Likita ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta ranar da abin ya zo wa matata Malama, da lokacin, da tsawon da ya yi. Layi ɗaya ya isa, in ji ta. Ba ta san wa ta miƙa wa biro ba. Shekara ashirin da huɗu ina gyaran rubutu a maɗaba'a, ina yanke wa marubuta surutu, ban taɓa samun fili nawa na kaina ba sai yau.

To, ga layin nata: sau uku cikin wata biyu. Biyu a gida, ɗaya a makaranta, tana tsakiyar darasin lissafi. Tun daga ranar ba ta koma aji ba. Ni ma na roƙi alfarma ina kwaso aikina gida, sai da rana nake leƙa maɗaba'a in 'yar'uwarta ta zo zama da ita.

Aiki na biyu da Likita ta ba ni shi ne ya tsaya mini a wuya. In abin ya sake zuwa, in kwantar da ita ta gefe, in janye duk abin da zai buge ta, sannan in ɗauke ta a bidiyo da waya. Tun daga farko in da hali, har ta dawo. Fuska ta fito, hannuwa su fito. In kira ta, in ce ta ɗaga hannu, in faɗi wata kalma da zan tambaye ta daga baya. Akwai babban likita a wani gari da ke duba irin waɗannan ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata, wato 27. Shi ba ya son labari, gani yake so, kuma da abin da ya gani zai zaɓi magani. Wanda take sha yanzu na lalube ne.

Na ce, "Likita, matata tana ƙasa ni kuma ina ɗaukar hoto?"

Ta ce, "Malam, bayaninka yana da daɗin ji. Amma sau uku ka ba ni shi, kowanne daban."

Malama ta yi dariya, ta farko a makon nan. A kaina aka yi ta, amma na karɓa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Bai zo ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Bai zo ba. Ina ta gwada hannu. Na ɗauki fanka, na ɗauki butar shayi tana tafasa, na ɗauki kyanwar maƙwabta har ta gaji ta juya mini baya. Daga aljihu zuwa fara ɗauka daƙiƙa shida nake yi. Jiya tara ne.

Malama ta lura. Tana shanya, ina bakin ƙofa hannu a aljihu. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Malam, ka daina tsare ni kamar madara a kan wuta."

Na ce iska nake sha.

Ta ce, "Akwai iska a falo ma."

Na biya shagon Darakta da rana. Tun muna aji ɗaya muke tare, shagonsa na jikin maɗaba'a, aikinsa ɗaukar bidiyon taro da tace shi. Bai taɓa shirya fim ko na minti ɗaya ba, shi ya sa sunan ya zauna masa. Shi kuma Waƙafi yake ce mini. Ya san Malama ba ta da lafiya, bai san sauran ba. Na tambaye shi, a matsayin mai neman ilimi kawai, yadda bidiyo yake motsi.

Ya ce, "Ba ya motsi, Waƙafi. Hotuna ne a tsaye, talatin a kowace daƙiƙa, ana wuce da su da gudu. Idonka ne ke ruɗarka."

Na daɗe ina zargin haka game da abubuwa da dama, amma ban taɓa jin an sa masa lamba ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Auta ta kira daga jami'a. Mun gaya mata jiri ne, saboda jarrabawa. Ta ce, "Baba, me ya sa kake magana kamar mai karanta labarai?" Na ce ai kullum haka nake. Ta ce, "Haka ne kuma. Ba ni Mama."

Bai zo ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ya zo. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, a kicin. Minti uku da daƙiƙa arba'in. Na ɗauka. Kalmar da na faɗa almakashi ce. Ba ta tuna ta ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Tana barci. Na share gilashin da ya tarwatse a kicin, na wanke kofin da bai fashe ba. Na sake wanke shi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ta ciji harshenta, maganar tana fita a hankali.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Kada ka nuna mini. Kuma kana turawa ka goge shi. A gabana."

Na ce to. Matar da ba ta taɓa fita tsakar gida ba tare da ta daidaita ɗankwali a madubi ba, ban ga laifinta ba.

Na kalla sau ɗaya, a ɗakin karatu, da abin sauraro a kunne. Hoton ya fito sosai. Hasken tagar kicin ya taimaka. Game da hoton ba ni da abin cewa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti suna da shafi a intanet inda ake ɗora wa Likita saƙo, ita kuma ta miƙa wa babban likita. Na ɗora, shafin ya tofo mini shi. Da jan rubutu, wanda a iya sanina ni kaɗai ke da izinin amfani da shi. Wai MP4 kawai yake karɓa, kuma kada fayil ya wuce megabait ashirin da biyar. Nawa MOV ne, megabait ɗari shida da arba'in. Wato an ce in shigar da katifa cikin ambulan.

Na je wajen Darakta na ce wani ne ya tambaye ni.

Ya ce, "Wanin nan, yana da irin furfurarka?"

Na ce ya amsa tambaya.

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. "MP4 da MOV duk akwati ne. A ciki akwai hoto, akwai sauti, kowanne da layinsa. Sauya akwati ba wuya. Wuyar tana wajen yadda aka naɗe kayan ciki, shi muke ce wa kodek. Wata kwamfutar ta san buɗe akwatin amma ba ta iya warware naɗin ba. In kuma so kake ya rage nauyi, to dole a matse, kuma matsi zubar da kaya ne. Ba a matsewa a banza. Ka kawo in yi maka a minti biyar."

Na ce mai shi ba ya son a gani.

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya koma kan aikinsa. "To ka gaya wa mai shi kada ya taɓa na asali. Ya yi wasa da kwafi. Na asali ba a wasa da shi."

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na sauke manhajar juya bidiyo, na karanta littafin bayaninta daga bango zuwa bango. Ina jin ni ne mutum na farko da ya taɓa yin haka. Na sami kuskure goma sha ɗaya, ba wanda zan kai wa.

Amma na ci karo da abin da ya tsayar da ni. Ashe bidiyo ba ya adana hotunan nan talatin cikakku. Yakan ajiye ɗaya cikakke, sannan na bayansa duk 'yan bayanai ne: kamar na baya, sai dai hannu ya matsa, kamar na baya, sai dai labule ya motsa. Can bayan wasu daƙiƙoƙi ya sake ɗaukar cikakke. Duk abin da bai sauya ba, ba a sake faɗarsa, ana ɗauka yana nan.

Na ajiye littafin na leƙa falo. Tana zaune tana duba takardun ɗalibai da aka kawo mata gida, tabarau a kan hanci. Na yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon da in ɗauki cikakken hoton matar nan. Shekara ashirin da bakwai. Kamar jiya, sai dai an sayi firji. Kamar jiya, sai dai yara sun tafi.

Ta ce, "Lafiya?"

Na ce lafiya lau, almakashi nake nema. Ta nuna mini aljihun tebur da biro. Kalmar ba ta ce mata komai ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na gama, kuma zan rubuta yadda na yi don na baya.

Na yanke daƙiƙa ashirin na farko. Hannuna yana rawa a wurin, ana ganin silin, ana ganin ƙafata, ana ganin ta rabi-rabi. Duk marubucin da ya kawo mini gabatarwa irin wannan zan yanke masa ita. Na yanke ƙarshen ma. Na rage faɗin hoton zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Bai isa ba. Na ɗauki abin da ya fito na sake matsewa. Na mayar da hotuna talatin zuwa sha biyar, tunda ido ruɗarsa ake yi, a ruɗe shi da rabi. Na sake matsewa.

Sautin na cire. Nauyi ne kawai.

Megabait ashirin da huɗu da ɗigo shida, cikin akwatin MP4. Katifa ta shiga ambulan. Ban sake kallo ba, na dai duba cewa yana buɗewa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Shafin ya karɓa, da koren rubutu. Na kai wa Malama wayar, ta kafa wa babban yatsana ido har na danna gogewa. Ta ce, "Ya tafi?" Na ce ya tafi. Ta sha shayi kofi biyu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Likita ta kira ta ce in zo ni kaɗai. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta.

Na ga wani abu mai launin zanen Malama a ƙasa. Inda ya kamata a ga fuska, ƙananan murabba'ai ne kamar tayil ɗin bayi, suna narkewa suna haɗuwa. Duk inda motsi ya yi yawa nan ya fi dagulewa, kuma ba wani abu a bidiyon sai motsi.

"Malam, ina farkon?"

Na ce hoton yana rawa a wurin.

"Rawar ba ta dame ni ba. Ta wane ɓangare kanta ya fara juyawa? Wane hannu ya fara? Idanun a buɗe suke ko a rufe?"

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ban ce ka gaya mini ba. Ka kira ta?"

"Na kira."

"Ta amsa?"

Na dubi murabba'an nan.

"Ka gani, da na ji da kunnena. Ina sautin?"

Na ce shafinsu ne ya hana nauyi. Ta ce mutane da yawa suna kawo mata a waya ko su rarraba shi gida-gida, shafin yana karɓar fayil fiye da ɗaya, an rubuta a ƙasa. Ni da na karanta littafi guda, layin ƙasa ya wuce ni.

Ta ce ba za ta tura wa babban likita wannan ba, dariya zai yi mata. In kawo na asali kafin Talata.

Na ce na goge.

Ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba, na so a ce ta yi. Ta ce, "To sai mu jira wani. In ya zo kafin Talata, shi ke nan. In bai zo ba, sai watan gobe."

Wani. Haka ta kira shi.

A gida na ce wa Malama ana kan dubawa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Bai zo ba. Yau ban san me nake roƙo ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Darakta. Ba wani ba ne, ni ne. Ya tashi ya tura ƙofar shago, ya kashe waƙar da ke tashi. Na nuna masa matsattsen, tunda ba mai gane kowa a ciki, na ce ko akwai manhajar da za ta wanke shi ya dawo.

Ya ce, "Waƙafi, ka taɓa mayar da sakin layin da ka yanke bayan an buga littafi an ƙona rubutun hannu?"

Na ce a'a.

"To. Akwai masu goge shi ya yi sheƙi, amma ƙirƙiro fuska za su yi su liƙa. Likita ba fuskar ƙirƙira take nema ba. Sau nawa ka matse?"

"Uku."

"Kwafin kwafin kwafi. Allah ya shirye ka." Ya danna nan ya danna can, sai ya tsaya. "Ina sautin?"

Na ce nauyi.

"Nauyi? Sautin minti uku da rabi bai fi megabait uku ba. A cikin ɗari shida. Ka zubar da cokali don mota ta yi sauƙi."

Na duba kalandar da ke bangonsa. Ta bara ce, na gaya masa.

Bai biye mini ba. Ya ce, "Yaushe ka goge?"

"Litinin."

"Irin wayarka ba ta zubarwa nan take. Tana ajiyewa a kwandon shara kwana talatin."

Na ce, "Na sani."

Ya daɗe yana kallona. Shekara arba'in muna zolayar juna, yau ya sami babbar dama bai ɗauka ba. Ya ce kawai, "Gobe ina nan. Jibi ma zan iya buɗewa."

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bai zo ba.

Tunda ba mai karanta littafin nan, bari in gyara shi kamar yadda nake gyara na mutane.

Ranar Laraba na rubuta "na goge". Gaskiya ne, amma an yanke rabinta. Tun lokacin da na danna na ga ɗan rubutun da ya fito: za a ajiye kwana talatin. Yau na leƙa. Saura ashirin da biyar. Ƙaramin hoton da ke kansa silin ɗin kicin ne.

Dalilina biyu. Na farko shi ne wanda zan iya fita da shi cikin mutane: na yi mata alkawari, ta ga na goge, ta sha shayi kofi biyu. Na biyun yana cikin megabait ukun nan.

Kwana uku ke nan ina zaune da maganin a aljihu, ina jiran matata ta sake faɗuwa don a sami sabon ɗauka, wanda zan yi shi da natsuwa, da muryar mai karanta labarai. Ban taɓa faɗa wa kaina haka da kalmomi ba sai yanzu. Na duba jimlar sau biyu. Ba kuskure a cikinta.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na same ta a falo bayan karin safe. Na fara da bayanin akwati da naɗi, na shiga hotuna talatin, ina shirin kamo matsi ta ajiye biro.

"Malam, ni malamar lissafi ce. Ba ni amsar, in ya so ka nuna aikin daga baya."

Na ba ta. Abin da na tura bai yi ba, laifina ne. Na asali yana kwandon waya. In ba a kai shi kafin Talata ba, sai a jira wani.

"Tun yaushe ka sani?"

"Laraba."

"Laraba." Ta ƙirga a yatsu, ba don ba ta sani ba. "Kuma ka ce ana kan dubawa."

Na gyaɗa kai.

"Me ka cire a ciki?"

"Farkon. Da ƙarshen. Da sauti."

"Na yi ihu ne?"

"A'a."

"Na faɗi abin kunya?"

"Ba ki ce komai ba."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗalibin da amsarsa ta yi daidai amma aikinsa bai kai ga nan ba. Ta ce, "Kawo shi. Kafin baƙo ya gan ni, zan ga kaina."

Na dawo da shi daga kwando. Dannawa ɗaya ce, abin haushi. Na miƙa mata zan fita, ta kama mini gefen riga. Na zauna.

Abin da ta gani ba zan rubuta ba, nata ne. Ta kai hannu baki sau ɗaya, ta sauke. Ba ta kau da kai ba.

Abin da ta ji nawa ne, don haka zan rubuta. Da farko mutumin yana bin umarnin Likita: Malama, ɗaga hannu. Malama, riƙe kalmar nan, almakashi. Zuwa daƙiƙa ta hamsin muryar ta karye. Daga nan ba Malama kuma. Wani suna yake kira, wanda ya raɗa mata tun suna zama a ɗaki ɗaya da risho da akwatin littattafai, wanda ya bari tun da aka haifi na fari aka fara jin nauyin yara. Na ƙirga ranar da na kalla, sau goma sha tara. Yana kuka irin na wanda bai iya ba. Yana cewa bai san inda ake ajiye komai ba a gidan nan. Yana cewa ta yi haƙuri, ta dawo, ba zai ƙara gyara mata magana ba. Duk da haka wayar tana kan fuskarta, bai sauke ba. Wannan kaɗai zan iya faɗa don kare shi.

Ya ƙare. Fanka tana juyawa. Ta riƙe wayar a cinya.

Can ta ce, "Wannan ka cire."

"Nauyi ne."

"Na ji nauyin." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Shekara ashirin da biyar ban ji sunan nan ba. Ashe sai na faɗi ƙasa."

Na ce ban ɗauka tana tune da shi ba.

"Almakashi ne na manta, Malam. Ka kai musu. Duka. Kada ka taɓa ko daƙiƙa ɗaya. Maganar gyara mini magana kuma, na ji, akwai shaida."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Darakta ya ba ni kujerarsa da abin sauraronsa, shi ya juya wa kwamfutar baya yana fuskantar ƙofa, yana ba da umarni kamar mai koyar da tuƙi.

"Daga na asali za ka fara, ba daga ɓarnarka ba. Raba shi gida shida. Bar hotuna talatin ɗin yadda suke. Faɗin hoto rage shi kaɗan kawai, matsi sau ɗaya tak. Akwati MP4, naɗin kuma tsohon da kowace kwamfuta ta sani. Sauti?"

"Yana nan."

"Ka tabbata? Kada hannunka ya zame."

"Yana nan, Darakta."

"Kalli kowane yanki har ƙarshe. Murya tana tafiya daidai da hoto?"

Na kalla. Shida, ɗaya bayan ɗaya. Ana ganin idanu, ana ganin yatsu. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya, ko da na daɗe ban amsa ba. Ya dai miƙo mini hankici ta bayansa, ya ce ƙura ta yi yawa a shagon nan.

Koren rubutu sau shida.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Likita ta turo saƙo: ya yi. Bai zo ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun je tare. Babban likita ya gani. Abin da yake nema yana yanki na farko, daƙiƙa ta goma sha biyu, tsakanin silin da ƙafata: kai ya juya hagu kafin komai. Wurin da na yanke don bai yi kyau ba. An sauya magani, za a ƙara wani gwaji. Likita ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce yanzu dai sun san ƙofar da suke ƙwanƙwasawa, kuma in aka yi wata biyu lafiya za a yi maganar komawa aji.

Muna tashi Likita ta ce, "Ya ce a gaya wa mai ɗauka hannunsa ya yi ƙoƙari. Sautin ma ya taimaka, an ji sarai ba ta amsawa." Tana faɗa tana duba takarda, fuska ba yabo ba fallasa. Likitar nan za ta yi nisa.

A hanya Malama ta ce mu kira Auta ranar Lahadi mu gaya mata gaskiya. Sannan ta ce, "Tunda ka iya cire murya daga hoto, ka iya cire hoto daga murya?"

Na ce ya fi sauƙi ma.

"To ka goge hoton, da kwandon duka. Muryar ka sa mini a wayata."

Na ce megabait uku ne, zai cinye mata wuri.

Ta ce, "Ina da wuri."

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Bai zo ba.

Tana kicin, a tsaye, ta ba ni baya tana ɗauraye kofi. Na tsaya a bakin ƙofa, waya tana ɗakin karatu. Daga niyya zuwa buɗe baki na fi daƙiƙa shida nesa ba kusa ba. Na kira ta da sunan nan.

Ta amsa.